Tukunyar da Na Wanke

Ranar Larabar da ta wuce yayata Asabe ta cika shekara bakwai da rasuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin akwai abin da na aikata a zaman makokinta wanda sai a makon nan na san nauyinsa, kuma gara in faɗe shi da bakina.

Duk wanda ya zauna a Zangon Kwatano a shekarun baya ya san Yaya, ko bai san sunanta ba ya san burodinta. Burodi a garin nan ba abin nema ba ne. Kowane lungu akwai mai kwando cike da dogon burodin nan na Faransa, wanda da safe yake garas-garas, kafin azahar iskar teku ta mayar da shi kamar tsohon silifa. Na Yaya daban ne. Ƙanana ne, kowanne kamar dunƙulen hannu, ciki laushi, sama kuma wani ɓawo ja mai tsage-tsage, shi ya sa mutane suka sa masa suna kunkuru. Ana tsaga shi a zuba soyayyen kifin unguwar masunta ta Placodji da albasa da yaji. Masu dako a tashar jiragen ruwa sukan saya su sa a aljihu, har la'asar idan suka gatsa na kusa da su sai ya ji.

A tsakar gidanmu take yin sa. Tanderunta rabin ganga ce, yashi a ƙasa, faranti a kan yashin, gawayi a gindi, gawayi a kan murfi. Da ta sallame sallar asuba sai ta kwaɓa fulawa da yis da gishiri da ɗan mai, ta murza har kwaɓin ya daina kama hannu, ta rufe da tsohon zane. Idan ya tashi ta mulmula, ta jera. Daga nan sai ta jawo wata 'yar tukunyar ƙasa, baƙa ƙirin, bakinta duk busasshen ƙullu. Ta ɗibi abin da ke ciki, ta ƙara sukari da mai, ta shafa wa kowane burodi a ka da bayan cokali. Ƙullun shinkafa ne irin na masa. Shi ba ya miƙewa kamar fulawa, saboda haka idan burodin ya kumbura a wuta sai rigar da ke kansa ta tsattsage ta soyu. Wannan duka na gani da idona sau ba adadi, ina wucewa da ƙunshin atamfa zuwa rumfata a kasuwar Missèbo. Na ɗauka na san komai. Ni dai a lokacin abin da ya dame ni tukunyar nan ce, don wani tsami take yi da ke cika ɗakin girki, kuma na sha ce wa Yaya ƙazanta ce. Takan yi dariya ta ce, "Ladi, ke dai je ki auna yadinki."

Ƙullun daga wurin maƙwabciyarmu yake zuwa, Iya Salamatu, mutuniyar garin Jugu can arewacin ƙasar, wadda ke suyar masa a ƙofar gidanta tun kafin a haife ni. Kowace safiya Yaya za ta tsallaka da kwano, Iya ta kankaro mata ragowar ƙullun jiya daga gindin tukunyarta, Yaya ta zo ta juye a tata. Idan burodin farko ya fito, guda biyu na Iya ne, da zafinsu. Ban taɓa ganin kuɗi ya shiga tsakaninsu ba. Iya takan zauna a kan kujerarta ta tsugunno ta gatsa, ta lumshe ido, sannan ta yanke hukunci: yau wuta ta yi yawa, yau Asabe ta yi rowar sukari. Yaya ta yi ta gunaguni, gobe kuma ta gyara.

Ciwon Yaya bai yi tsawo ba. Kwana tara a asibiti, Allah Ya karɓi abinsa. Aka kawo ta gida, aka yi mata sutura, aka kai ta. Washegari gida ya cika da masu gaisuwa, har da danginmu da suka taso daga Jega. Ni kuwa idan baƙin ciki ya kama ni ba na iya zama wuri ɗaya, sai in kama aiki. Na shiga ɗakin girki, tsamin nan ya doki hancina, na ce baƙi ba za su koma gida su ce 'ya'yan Malam Sani sun zama ƙazamai a bakin teku ba. Na ɗauko tukunyar, na zubar da ƙullun a kwata, na sa soso da sabulu na dirje ta ciki da waje har jan ƙasarta ya fito. Na kife ta a rana ina jin na yi abin kirki.

Iya Salamatu ta shigo da ƙwaryar masar sadaka, ta ga tukunyar a kife. Ta ajiye ƙwaryar. A gaban mata sama da ashirin ta dube ni ta ce, "Ladi, jiya an binne Asabe, yau ke kuma kin sake binne ta."

Ban tambaye ta me take nufi ba. Jinina ne ya hau. Na ce mata gidan nan akwai masu shi, wanda ba dangi ba ya yi gaisuwa ya koma inda ya fito. Matar da ta yi wa uwarmu wankan jego na faɗa wa haka. Ta ɗauki mayafinta ta fita. Daga ranar ban sake taka ƙofarta ba. Idan zan fita kasuwa sai in bi ta bayan masallaci, hanyar da ta ninka tsawo, in kuma biya mai babur ƙarin kuɗi, duk don kada in ce mata ina kwana.

Bayan arba'in na ce zan ci gaba da burodin, ko don mutanen da ke ta leƙowa suna tambaya. Na jiƙa shinkafa, na kai niƙa, na sa yis, na shafa. Ranar farko ɓawon ya fito fari fat kamar an yi masa farar ƙasa. Rana ta biyu ya ɓanɓare gaba ɗaya ya bar burodin tsirara. Da na dage na samu ya riƙa tsagewa, har ya yi ja, amma idan ka ci ba ka jin komai sai sukari. Wani tsohon mai dako da ya shekara goma yana saye a hannun Yaya ya gatsa sau ɗaya, ya yi mini addu'a mai tsawo, bai ƙara dawowa ba. Ba a yi shekara ba na gane abin da Iya take nufi. Ƙullun da ke cikin tukunyar nan ba a taɓa ƙarar da shi ba, kullum sabo ake zubawa a kan tsoho, tsamin shekara da shekaru ne yake tayar da shi yana ba shi ɗanɗano. Na kuma gane cewa irinsa bai ɓace daga duniya ba, yana nan a gindin tukunyar Iya, taku goma sha biyar daga ƙofarmu. Na sani sarai. Na zauna da sanina shekara shida, saboda ni ba a yi mini faɗa a gaban mutane.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta leƙo Zango yau. Rabin gidajen da ta sani an rushe an yi benaye, ƙasa shaguna, sama haya. Gawayi ya yi tsadar da ba za ta yarda ba sai ta je kasuwa da kanta. Matan yanzu murhun gas suke gashi da shi, suna auna fulawa a sikeli. 'Yata Nafisa ta taɓa nuna mini a wayarta wata Baturiya tana yin burodi sak irin na Yaya, da garin shinkafa na leda, tana bayani kamar ita ta fara shi a duniya. Na san Yaya da ta gani za ta kalla har ƙarshe, ta tambaya ko matar tana da maƙwabta. Duk wannan ba na jin zai dame ta sosai, mace ce da ba ta faɗa da zamani. Abin da nake tsoro shi ne ta tambaye ni ina Iya, in ce tana nan lafiya, ta ce yaushe rabona da ita.

Makon jiya Musa, babban ɗan Iya, ya tsaya a rumfata. Ya gaishe ni da ladabi kamar babu komai, ya ce ranar Asabar zai mayar da tsohuwa Jugu, ƙafafunta sun ƙi, idon ma ya yi rauni, can akwai masu kula da ita. Ya ce shekara biyu ke nan da ta daina suya. Da ya tafi na kasa auna yadi daidai. Abin kunya, farkon abin da ya zo mini ba Iya ba ce, tukunyarta ce. Na ce shi ke nan, tun da ta daina suya ƙullun ya mutu. Sai daga baya na ji nauyin ɗayan, cewa matar nan za ta hau mota ba na sake ganinta, da maganata a zuciyarta.

Ranar Talata da hantsi na yi sallama a ƙofarta. Tana zaune a tabarma, ta rame har na tsorata. Na durƙusa, na fara jero abin da na shirya tun daga gida. Ba ta bar ni na kai rabi ba.

"Ladi ce? Kin yi ƙiba. Shiga ɗaki, bayan ƙofa, ɗauko abin da ke rufe da faifai."

Na ɗauko. Tukunyarta ce, ƙullu a gindinta yana 'yan ƙwayoyin kumfa, tsamin nan da na tsana ya bugo ni har idona ya kawo ruwa.

"Iya, an ce kin daina suya."

"Na daina. Amma wannan ina ba ta tafin shinkafa duk kwana biyu, kamar kaza. Surukaina sun ce haukan tsufa ne. Na ce ƙanwar Asabe za ta zo, taurin kai ne da ita kamar ubanta, amma za ta zo." Sannan ta ce, "Ni ma bakina ya yi kaifi ranar. Ɗauki ki tafi. Kada ki sa mata sabulu."

Laraba, ranar da Yaya ta cika shekara bakwai, na fito da rabin gangar daga inda na jingine ta, na sake yashi, na hura gawayi. Na yi komai yadda na ga tana yi. Da na ɗaga murfin, ƙamshin da ya fito ya sa na zauna a ƙasa. Ga su nan jajaye, bayansu a tsattsage. Na ɗauki biyun farko a faranti, da zafinsu, na tsallaka ta hanyar gaba.

Iya ta karɓa ta shinshina. Ina jira ta gatsa ta lumshe ido ta faɗi laifinsa. Sai ta kai shi kusa da kunnenta ta matse a hankali, ɓawon ya yi ƙara. Ta gyaɗa kai ta ce, "Shi ne. Wuta ta ɗan yi yawa." Sannan ta ce wa surukarta ta kawo mata shayi. Ta gutsura ta tsoma, ta jira har ya jiƙe ya yi laushi kafin ta kai baki. A lokacin na lura babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Sa'ad da na kore ta daga gidanmu tana da su, da su take gatsa burodin Yaya kowace safiya.

Jiya Asabar motar ta tashi da ita. Tukunyar tana ɗakin girkina, kuma na gaya wa Nafisa duk ranar da na mutu wanda ya taɓa ta da soso ban yafe ba. Idan na auna abin da Yaya ta bari, ba gida ba ne, ba zinariya ba, tanderun ma tsatsa ta kusa cinye shi. Ta bar burodin da sai an tsallaka gidan maƙwabci ake iya yin sa, kuma na samo shi, alhamdu lillahi. Ɓawon da Iya ta shekara bakwai tana riƙe mini asalinsa kuwa, na kai mata shi a lokacin da sai dai ta ji ƙararsa da kunne. Allah Ya jiƙan Yaya Asabe, Ya ba Iya Salamatu lafiya, ni kuma Ya yafe mini.