Wybrand, Wanda Hannunsa Ya Ƙi Hoton Zalɓe

Tsawon shekara talatin da huɗu, kullum da asuba kafin a buɗe gadojin Amsterdam don jirage su wuce, Baba Wybrand ya riga ya jiƙa takardu ya ɗumama tawada. Yakan goge allon tagulla da tafin hannu, ya murza injin matse takarda, hoton jirgin ruwa ya fito. Sunan mai zane ne a ƙasan hoton, nasa babu.

Ni da ke sayar da hotunan a bakin tashar jiragen ruwa ban yarda da kowa ba, shi ma na daɗe ina sa masa ido. Ga dalili. Idan jirgi ya nutse, maigidansa Lubbert yakan ɗauko tsohon allo, ya kankare sunan da ke jiki, ya rubuta na wanda ya nutse, matan mamata su saya. Duk mun sani. Amma irin waɗannan kaɗai ke fitowa dishi-dishi daga hannun Wybrand. Lubbert ya zargi tawada, ya zargi takarda. Ni na ce wani shago ne ya sayi tsohon, har na bi shi a baya kwana uku. Burodi da kifi kawai na ga ya saya.

Ranar da Neeltje ta zo neman hoton Zalɓe, jirgin da ya nutse da mijinta Sijmen, ina wurin. Lubbert ya tsaya a kan Wybrand.

"Yau buga a gabana, tsoho. In ya ɓaci, ga ƙofa."

Hoton ya fito tas. Wybrand ya riƙe shi, bai miƙa ba.

"Baiwar Allah, ginshiƙin ɗaura filafilai nawa ne a jirgin Sijmen?"

"Biyu mana, Baba."

"To ƙirga waɗannan."

Uku ne. Kafin azahar Lubbert ya watso masa kayansa waje, yana cewa ai dama tsufa ya ci idonsa.

Kai ne, Baba, mai baƙin hannu da farar zuciya. Na zarge ka da cin amana, alhali ni ne na sayar wa matan mamata da yawa jiragen da ba nasu ba. Kunya nake ji.

Mun gode. Ku kuma abokan sana'a, ku yi koyi da shi, ko da yake na san halinmu. Jiya na sauke sauran hotunan ƙaryar daga rumfata na zubar, yau da safe na gan su rataye a ta maƙwabcina.