Zauren da Ba Shi da Ƙyaure

Har na girma, ba a taɓa yi wa zauren gidanmu na Jibiya ƙyaure ba. Na duba da kaina, ko gurbin kafa shi babu a jikin ginin. Kakan babana ne ya gina shi haka da gangan. Daga wajen Maraɗi ya zo da jakinsa, ya taɓa kwana cikin ruwa a ƙofar gidan mutane, sai ya ce duk baƙon da ya ƙetaro iyaka, zauren nan nasa ne.

A nan nake karatu, gefen randa. Direbobi da 'yan dako su yi sallama, su rataya jakunkunansu a turakun da hannu ya goge har suna sheƙi, su miƙe a tabarma. Ba na magana, su ma ba sa takura mini.

Shekarar da zan gama sakandare, Baffa, ƙanen babana, ya ba wani ɗan kasuwa zauren ya zuba buhunan taki. Ƙofar ƙarfen da ya sayo ta fi bakin zauren faɗi, sai aka sa diga aka faɗaɗa shi. Ina kallo zanen da maginan farko suka yi wa bangon da yatsu ya zubo, aka kwashe a baro. Mu kuma aka fasa mana wata 'yar ƙofa ta lungu.

Kaka ta ce wa Baffa, "Kai, zauren nan ba naka ba ne."

"To na wa ne, Inna? Na 'yan Nijar?"

"Na wanda rana ta faɗi masa a hanya."

"Ya je tasha."

Wata la'asar sai ga wani tsohon ɗan dako da ke sauka a zauren tun yana saurayi. Ya daɗe yana kallon kwaɗon da aka rufe ƙofar da shi.

"Ɗan makaranta, Hajiya ta rasu?"

"Kaka tana nan, Baba."

"To mi ya faru?"

"Buhuna ne a ciki."

Ya yi dariya. "Ni na ɗauko su bisa kaina, su suka samu ɗaki!"

Na mirgino randar waje daga cikin gida, inda aka mayar da ita, na ba shi ruwa. Baffa ya leƙo ya ce in janye ta, mota za ta sauke kaya. Tsohon ya ajiye moɗa, ya ce in gaida Hajiya, ya nufi tasha. Bai sake zuwa ba.

Har yau ina gaida Baffa, don babana. Amma ta lungu nake sunkuyawa in shiga gidanmu, tare da awaki.