Injin Ƙwallayen Mai Gyaran Keke

Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago mai taga ɗaya, kuma a tsawon wannan lokaci kunnensa ne babban kayan aikinsa. Tela zai kawo keke, ya taka sau biyu, shi kuwa tun bai ɗauki sukudireba ba ya riga ya san inda ciwon yake. A wurinsa, duk injin da ke ƙara ba shi da lafiya.

Da ya bar shago, 'yarsa ta fari ta kawo masa wata na'ura wadda ke narka roba, tana ɗora ta hawa-hawa, har ta fitar da siffar abin da aka zana a kwamfuta. Da ƙyar ya koyi zanen, tabarau a karan hanci, amma ya koya.

A shekarar nan ne ɓarin jikin matarsa na dama ya shanye. Likita bai ɓoye musu komai ba: watannin farko su ne na ceto hannun, a samo mata abin da za ta riƙa motsa shi da shi kullum, in ba haka ba yatsun za su sandare. Ƙwallon robar da aka ba ta a asibiti, kwana uku ta yi da shi ta cilla shi ƙarƙashin gado, ta ce ita ba jaririya ba ce.

Sai ya zana mata injin wasa. Idan an juya mariƙinsa, wata ƙafa mai haƙora, zagayayya kamar ta keke, ta hau da 'yan ƙwallayen gilashi sama, su gangaro ta lanƙwasasshiyar hanya, su koma gindi. Mako biyu ya haɗa shi. Da ya gwada a ɗakin aikinsa, ƙwallayen suka kaure da ƙwaram-ƙwaram, haƙoran na ƙas-ƙas.

“Injiniya,” ta kira shi daga kan gado, “wane kiɗa ne wannan? Kawo in gani.”

“Bai gyaru ba tukuna. Haƙoran sako-sako suke.”

“Ni ɗin na gyaru ne? Kawo shi mu yi jinya tare.”

Ya yi dariya, amma bai kai ba. Mutumin da bai taɓa miƙa wa tela keke mai ƙara ba, ta yaya zai miƙa wa matarsa? Ya sake zana haƙoran, ya matse su. Kowace ƙafa awa tara take ci a na'ura. Wadda ta fara fitowa ta cije. Ta bayanta ta tsage. Ya shimfiɗa ƙyalle a hanyar ƙwallayen, suka maƙale, ya ɓare, ya sake lissafin gangaren.

'Yar ta zo ta tarar da kwali cike da ƙafafun da aka yar.

“Baba, ba fa tela za ka bai wa ba. Mama ce.”

“Shi ya sa,” in ji shi, ko kai bai ɗaga ba.

A wata na biyar injin ya gyaru. Ya juya shi, ba a jin komai sai ɗan shuu. Ya goge shi, ya ɗora a faranti, ya kai wa matarsa da hantsi, ya aza a cinyarta.

Ta sa hannun hagu ta ɗauko na dama, ta ɗora a mariƙin. Yatsun sun riga sun naɗe cikin tafi, sun ƙi buɗewa. Ta tura da bayan hannu, mariƙin ya zame. Ta sake, ya sake zamewa. Ƙwallo ko ɗaya bai hau ba.

“Ya yi kyau, Malam,” ta ce. “Ɗora shi can inda zan riƙa ganinsa.”

Likita bai ce jinkirin ne ya jawo ba, shi kuma bai iya tambaya ba. Ya dai lulluɓe na'urar da tsohon zane. Yanzu kowace safiya yakan zauna a bakin gado da kwanon ruwan ɗumi, yana buɗe mata yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna komawa.