Scholastica Dung, Wadda Ta Cika wa Malam Rabe Tabarma

Kowace safiya, kafin masu shagunan Stratford Road su ɗaga ƙofa, Scholastica Dung ta riga ta sauko daga bas ta buɗe ɗan ofishin shirya jana'iza da take aiki a unguwar Sparkhill, a Birmingham. Takan ɗora shayi, ta ja kujeru biyu kusa da juna, don ba ta son tebur tsakaninta da wanda aka yi wa rasuwa. 'Yar Jos ce, Kirista, Hausa a bakinta raɗau. Tambayarta ta farko ba ta canzawa: "Me mamacin ya ce a yi masa?"

A shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kabari ya yi tsada, Turawa da yawa suka koma ƙona gawa, wasu ba taro ba addu'a. Scholastica ba ta zaɓar wa kowa. Abin da take nanatawa shi ne, hidimar gawa daban, zaman da ake yi wa masu rai daban. Mu Musulmi da muke binne namu kafin la'asar ba mu ga abin da ya shafe mu a ciki ba, sai da Alice ta rasu.

Alice Baturiya ce, matar Malam Rabe, tsohon injiniya a Manchester. Ɗalibanmu da yawa sun ci tuwonta, sun kwana a falonta kafin su sami ɗaki. A gidan ƙanwarta ta cika, a Selly Oak, nan Birmingham. Labari na fita, mutanenmu suka yi abin da suka saba, aka cika motoci ana gudu kada a binne ba a iso ba. Aka zo aka tarar ba batun binnewa. Malam Rabe ya faɗi wasiyyarta: ƙona ta za a yi, yadda aka yi wa iyayenta.

Nan take wannan ya tuna yana da aikin yamma, wancan ya tuna bai ajiye motarsa daidai ba. Ba wanda ya yi wa dattijon faɗa, ƙafa kawai aka ɗauke. Ya koma Manchester ya shimfiɗa tabarmar gaisuwa, ya wuni a kai shi kaɗai.

Rahmatu, 'yar ƙaninsa, ita ta kai shi ofishin Scholastica, kuma ita ta ba ni labari.

"'Yata, ki soke booking ɗin ƙonawar nan," ya ce wa Scholastica. "A binne ta kawai. An ce in na yi haka za a zo."

"Baba, ita me ta ce?"

Scholastica ta matso da kujerarta kusa da tasa.

"To maganarta tana nan. Mutanenka kuma ka bar ni da su."

Ranar Juma'a Scholastica ta yafa mayafi, ta tsaya nesa da ƙofar wani masallaci a Small Heath har aka sallame. Ta tare Dokta Sunusi, shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna nan.

"Madam, ai kin san addininmu bai yarda da cremation ba," in ji shi.

"Na sani, Dokta. Ban ce ku je crematorium wurin ƙonawa ba. Matar tana da danginta da cocinta, za su raka ta. Shi mijin, wa zai zauna da shi?"

Haka ta raba abin biyu. Da safe dangin Alice suka yi nasu a Birmingham, tokar ta tafi hannun ƙanwarta. Washegari aka buɗe wani zaure a Manchester, ba akwati ba toka, sai tabarmi, maza gefe mata gefe. Ba abin da aka nemi kowa ya faɗa illa "Ya haƙuri?" Masu aikin yamma duk suka sami sarari. Malam Rabe ya amsa gaisuwa har muryarsa ta dishe, kuma ban taɓa jin daɗin dishewar muryar mutum irin ta ranar ba.

Scholastica, 'yar Dung, mai kujera kusa da kujera. Ke ce ba ki taɓa wasiyyar matar ba, ba ki kuma taɓa addinin kowa ba. Ke ce kika tuna mana cewa gaisuwar mutuwa mai rai ake yi wa. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki. Mun gode, Allah ya ba ki lafiyar cin hutu. Sauran mu kuma, duk wanda ya ji an yi wa ɗan'uwa rasuwa, ya je ya zauna tukuna, tambayoyi su biyo baya.

Makon jiya Malam Rabe ya hau jirgin ƙasa ya zo yi mata sallama. Ya ce tunda za ta tafi, gara ya bar mata tasa wasiyyar: shi dai likkafani da kabari, kafin la'asar.

"Ba ni za ka faɗa wa ba, Baba," in ji ta. "Ka faɗa wa mutanenka. Yanzu ai kana da su."