Rigar Juma'ar Malam

Malam ya sani ya yi shiru ne, ko shi ma bai sani ba? Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mijina, Malam Umaru na Gwandu, har yau ban sami amsa ba. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne, autata Hadiza tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta dakata.

Daga Kalgo aka kawo ni da kaskon turaren wuta na mahaifiyata. Duk Juma'a nakan kifa kwando a kan kasko, in shimfiɗa rigarsa har ƙamshi ya kama zare. Da wannan nake taƙama a cikin mata. Duk Juma'a kuma sai ya dawo daga masallaci ƙirjinsa na kuka, ya dafa bango yana neman numfashi. Yayansa ya ce iska ce ta ranar Juma'a. Maganin da ya kawo hayaƙi ne. A rufe ɗaki, a lulluɓe shi da zane, ni ce mai hura garwashin.

Bara ƙirjin Hadiza ya fara irin kukan nan. A asibiti a Birnin Kebbi wata ma'aikaciya ta ce asma ce: hanyar numfashi ce ke kumbura idan ta haɗu da abin da jiki ba ya so. Ta tambaye ta, "Kuna turaren wuta a gida?" Ina zaune a gefe, sai na tuna kaskona da rigar Malam. Aka ba Hadiza ɗan abin shaƙa da bai kai tafin hannu ba. Ta bar turare, ga ta tana zuwa aikinta lafiya.

Da Malam zai ga abin nan, dariya zai yi ya ce, "Ashe iskar a aljihu ake kama ta." Ni ban ga abin dariya ba. Yayansa yana nan da ransa, har gobe cewa yake iska ce. Na fasa kaskon, amma na ajiye rigar, ƙamshin bai fita ba.

Yanzu nake tuna yadda yakan rataye ta a bishiyar darbejiya kafin ya sa, wai maƙwabta ma su samu. Juma'ar ƙarshe, da hantsi, ya ce in bar masa rigar haka nan, kada in turara ta. Na ce, "Haba Malam, so kake a ce matarka ta mutu?" Na turara ta. Da la'asar aka shigo da shi a kafaɗa, ba ya iya magana.

Amma da hantsin nan ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo hannu ya ce, "To kawo, 'yar Kalgo. Kada a ce ba ki iya ba."