Awon Ƙafar Uwargida

Shekara talatin da wani abu na yi ina fatauci, kuma duk garin da na sauka ƙafafun mutane nake fara dubawa. Takalmin Agadas faffaɗa ne, ya fi ƙafar mai shi faɗi, don kada ta nutse cikin rairayi. A Maroko na ga masu ruwan ɗorawa da tsinin baki, an take dunduniyarsu, daidai da lungunansu da aka shimfiɗe da dutse. Mutanen Abijan da Kwatano roba suka riƙe, domin ruwan sama ba ya barin fata ta shekara. Na yi cinikin takalmi da Larabci da Faransanci da ɗan Buzancin da na tsinta. Na iya lanƙwasa tafinsa in ga ko zai tsage, in shinshina fatar in ji ko jima ta kama, in zura hannu ciki in laluba ko akwai kan ƙusa.

A nan Dakoro, in za ka yi tafiya, mai son takalmi ba lamba yake faɗa maka ba. Sillen kara yake karyowa, ya auna daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya ba ka. Matata ta ba ni nata tun muna da ɗiya guda, na ajiye shi a jakar takarduna. Kowace tafiya sai na kawo mata takalmi. Takan yi godiya, ta sa da safiyar salla, kafin azahar ya koma akwati. Ni na ɗauka tattali ne.

Bara ta taka ƙaya a gonar da ta gada wajen mahaifiyarta, can hanyar Birnin Lalle, ba ta ji ba sai da ƙafar ta kumbura. A asibiti aka ce ciwon sukari ne. Wata biyu ana wanke mikin. Ranar da ya rufe, likita ya ja ni gefe ya ce in ta sake samun irinsa ba shi da tabbacin za a bar mata ƙafar. Kada ta taka ƙasa ba takalmi, kuma ba silifa ba. 'Ya'yanmu suka yanke cewa ta gama da gona. Ba ta yi musu ba, sai dai ta rage magana, ta kuma bar zaɓen iri da take yi duk bazara.

Na ce ai muna da akwati cike da takalma. Na fito da su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya shiga.

"Kumburi ne," na ce.

"Alhaji, tun ranar farko matse ni suke."

"To mi ya hana ki faɗi?"

"Ka ɗauko abu tun daga bakin teku, ka shigo kana washe baki. In ce maka mi?"

Washegari na tafi kasuwa wurin wani baduku, tsarana ne, tare muka yi kiwon awaki. Na ba shi labari, na miƙa masa karan. Ya juya shi, ya yi dariya har da tari.

"Alhajin duniya! Kara tsawo ya sani, ina ya san faɗi? Matanmu a rairayi suka tashi ba takalmi, yatsunsu a baje suke. Kai ka je kana saya mata na matan da suka girma bisa siminti."

Ya yago kwalin sabulu ya ba ni. Ya ce ta taka a tsaye, in zagaye ƙafar da alƙalami, kuma da la'asar, sa'ad da ƙafa ta gama buɗewa.

Da la'asar ɗin matata ta ƙi.

"Kai da girmanka ka durƙusa gabana? In wani ya yi sallama fa?"

"Ba kowa a gidan sai ni da ke da akuya."

"Akuyar ma tana da ido."

Daga baya dai ta tashi, ta dafa kafaɗata, ta taka kwalin. Sama da shekara arba'in muna tare, ranar na fara kallon ƙafarta da kyau. Faso ya tsattsaga dunduniya, ƙaramin yatsa ya karkace waje, ga tabon mikin yana sheƙi. Da alƙalamin ya bi ta ramin tafin sai ta janye tana dariya, wai ina mata cakulkuli. Sau uku muna sakewa.

Kwana shida badukun ya yi. Ya yanka tafin faffaɗa irin na Agadas, ya wuce awon da faɗin yatsa, ya sa tayar mota a ƙasa don ƙaya. Sama ya rufe da fatar akuya mai laushi, ɗinkin duk ta waje, babu hancin da zai goge mata tsakanin yatsu. Na zura hannu ban ji komai ba. Kyau kam babu.

"Kunkuru biyu ka kawo mini," in ji ta. Ta sa, ta je bakin rumbu ta dawo, ta sake zuwa.

Da ruwan shuka ya sauka muka tafi gonar a amalanke, ba mu gaya wa 'ya'yan ba. Rabona da sungumi tun ina saurayi. Ina gaba ina sara, tana baya tana zuba hatsi tana rufewa da ƙafa. Da fari ta yi ta ƙorafi cewa ba ta jin danshin ƙasa, daga baya ta koma kaina, wai layina ya karkace kamar tafiyar maciji. Ba mu ci rabin gonar ba na gaji, ita kuwa ba ta so a tashi ba.

Da muka koma gida na zaunar da ita a tabarma, na cire mata takalman, na duba tafin da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya yadda likita ya koya mini. Ko ƙwarzane babu.

"Gobe da sassafe," ta ce, "kafin ƙasar ta bushe."