Malam Sanda da Gyatsar Injin

A tsaye Malam Sanda yake shan shayinsa. Daga nan sai ya baro unguwarsu ta East Greensboro, ya kutsa cunkoson titin Wendover, har ƙaramin filin da ke bayan gari inda ake ajiye ƙananan jiragen shaƙatawa masu kujera biyu. Yawancin masu su attajiran unguwar Irving Park ne. In sun sauka sukan ɗauki hoto da jirgi. Ba mai ɗauka da wanda ya gyara shi.

Aikin farko kullum ɗaya ne. Irin wannan injin ba a duba mansa kamar na mota. Sai an buɗe tanki, an kama farfela ana juyawa da hannu, har man da ya kwanta cikin injin ya dawo, a ji wata ƙara kamar gyatsa. Sannan a auna. Shekara da shekaru yana wannan juyi, har kafaɗarsa ta dama ta gaji da shi.

Da furfurarsa ya koyi aikin. A Kaduna babban makanike ne mai garejin kansa. Ya zo ƙasar nan aka ce bai isa ya taɓa jirgin wani ba sai ya yi kwas, ya ci jarrabawa, an ba shi lasin. Ya zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Ya gama, ya ƙara da kwas ɗin injin kansa, wanda ake komawa ana sabuntawa. Bai so ba, amma ya yi.

Bara likita ya ce ya ajiye aiki, in yana son kafaɗar ta warke. Ya zaɓi magaji: Longji, mutumin Pankshin, uban 'ya'ya uku, gwanin gyaran mota. Ranar farko Longji ya zaro sandar awo, ya ga mai ya yi ƙasa, ya jawo galan zai ƙara.

"Ajiye," in ji Malam.

"Baba, mai ya yi low."

"Ka ji gyatsa?"

"Gyatsar wa kuma?"

"Da ka cika shi ya wuce kima. Mota in ta shaƙe sai ka faka gefen titi. Wannan ina gefen titinsa? Je ka yi kwas."

Longji ya ƙi. Wai shi da girmansa zai bar gareji da iyali, ya tafi wata jiha ya zauna a benci?

Sai mutanenmu suka shiga maganar. A wurin wani suna, Alhaji Moctar, tsohon aminin Malam, ya tare shi a gaban jama'a.

"Haba Malam, Longji ɗan gida ne. Kai ka kwanta ka huta, shi ya yi aikin, ka leƙa ka sa hannu. Wa zai sani?"

"Matar mai jirgin za ta sani, ranar da aka kira ta."

Daga baya aka yi ta cewa ƙyashi ne, ba ya son wani ya samu. Longji ya daina gaishe shi. Mu muke kiran irin wannan roƙo zumunci. Ba zumunci ba ne, lalaci ne da ganganci da ran mutane.

Haka ya ci gaba da aiki duk tsawon sanyin nan. Matarsa, Hajiya Ramlatou, ita ke sa masa riga da safe, tana mita. "Hannun da ba ya iya sa riga shi ke juya farfela?"

Wata rana Longji ya biyo ɗaukar kayan aikinsa da ya bari. Ya tarar da tsohon yana juyi da hannun hagu, yana tsayawa yana jingina goshi da jikin jirgi.

"Baba, taurin kan nan zai kashe ka."

"To je ka yi karatu in huta."

Longji ya tafi kwas ɗin. Watan jiya ya dawo da lasinsa. Kafaɗar kuwa, likita ya ce an makara, ba za ta koma daidai ba.

Malam Sanda, kai ne ka yarda a zage ka, ka yarda ka rasa hannu, maimakon ka sa sunanka a kan aikin da idonka bai gani ba. Mai hannun gaskiya, mun gode. Waɗanda suka tashi suka sauka lafiya ba su san sunanka ba, mu mun sani. Ku kuma masu neman a sa muku hannu a asibiti, a gareji, a ko'ina, ku ji kunya ku koma aji.

Ranarsa ta ƙarshe a kujera ya yi ta, hannu a cinya. Longji ya buɗe tanki, ya kama farfela, ya yi ta juyawa. Can injin ya yi gyatsa.

"Na ji," in ji Malam. "Yanzu auna."